Saƙon da Yake Cewa Lafiya

Da sunan Allah nake farawa, shi ne ya san abin da ke cikin ƙirji. Ke babba, ba zan kama sunanki ba tunda ke ce ta fari, da kai ƙarami da nake goye da kai yanzu, wannan naku ne. Mutane kan bari sai sun yi furfura kafin su zauna ba da labarin rayuwarsu. Ni ban iya jira ba, don tun haihuwarka tansiyona, wato hawan jini, bai sauka ba, kuma ni mace ce mai tsoro, ko ƙofa aka buga da ƙarfi sai gabana ya faɗi. Lakwal ɗina, karatun boko ke nan, bai yi nisa ba, ku yi haƙuri da hannuna. Za ku girma ku je ƙauyenmu can ƙasar Hamdara, ku ji ana cewa babanku ne ya kashe kawunku Sale. Za ku ji kuma a nan Zango ana cewa uwarku ta zaɓi miji ta yar da uwa. Kafin wani ya gaya muku a bakin rijiya, gara ku ji daga wadda aka yi komai a gabanta.

A shekarar da nake magana, babanku yana aiki da wani poroje, ƙungiyar taimako ce mai kula da ƙananan ɗakunan shan magani a ƙauyuka. Kowane ɗaki an sa masa firigo mai aiki da hasken rana, a ciki ake ajiye allurar yara da maganin sarar maciji, don zafi yana kashe su. A jikin kowane firigo an liƙa wata ƴar na'ura tsohuwa, ba ta kai kwanon sha girma ba. Aikinta ta duba sanyin firigon, ta aika saƙo zuwa babbar na'urar da ke buro, wato ofishinsu a nan Damagaram, ta kuma aika wa majo, wato babban ma'aikacin jinya na ƙauyen, a salularsa. In sanyi na nan, saƙon ya ce lafiya. In firigo ya fara ɗumi, ya ce a tashi. Babanku ne mai riƙe da duk waɗannan na'urori. Na ƙauyenmu ma shi ya je ya liƙa, ranar har Inna, mahaifiyata, ta yanka masa zabo.

Ba ya ɓoye mini aikinsa. Yakan baje ordinatarsa, wato kwamfutar aikinsa, a tabarma ina tsince wake, yana yi yana surutu, ni kuwa abin da ya shiga kunnena ba ya fita. Ya ce kowace na'ura tana da mai tsayawa bakin ƙofarta, kana faɗa masa abin da kake so yana shiga yana aikatawa, sunansa shel. Akwai tsoho da suke kira es-ash, yana cikin kowace na'ura tun daga ƙira, ba shi da ado, maganarsa kaɗan ce. Akwai sabo da suke kira bash, shi babanku ke so kamar ransa. Yana kawo rubutu kore da ja, yana tuna abin da ka faɗa jiya, in ka fara kalma ya ƙarasa maka. Akwai kuma abin da suke kira sikirif, umarni ne ake rubutawa a ajiye, shel yana karantawa yana yi kullum ko mutum ba ya nan. Wanda ke duba firigo sikirif ne. Sai rut, sunan da mai na'ura ke shiga da shi in zai taɓa abin da ba kowa ke taɓawa ba.

Wanda ya riƙe aikin kafin shi dattijo ne, Mushe Abdu, ya yi ritaya yana zaune a unguwar Birni. Shi ya koya wa babanku aikin, shi ya tsaya masa aka ɗauke shi. Duk Juma'a bayan an sauko yakan biyo ta gidanmu shan shayi a gindin bishiyar bedi, ni ina madafa ina jin su ta kan katanga. Wata Juma'a lokacin sanyi babanku ya nuna masa abin da ya yi, yana ɗoki kamar yaro da sabuwar riga.

"Mushe, duba nan. Na canja wa rut shel a babbar na'ura. Yanzu ina shiga bash ne ke tarye ni."

"Ka yi me?" in ji Mushe Abdu. Na ji ya ajiye kofi. "Laminu, rut wurin kwalliya ne? A ina bash ɗin naka yake kwana?"

"A faifai na biyu, inda muke zuba abin da muka ƙara."

"To ranar da faifai na biyu ya ƙi tashi, wa zai buɗe maka ƙofa? Ka bar wa rut tsohon da ke kwana cikin ɗaki. In ka shiga, ka kira bash ɗinka da bakinka, ku yi ta hira har la'asar, ba ruwan kowa."

"Haba Mushe, ku dai kun saba da wahala. Es-ash ɗin nan kamar surukin da ba ya amsa gaisuwa ne."

"Surukin da ba ya amsa gaisuwa shi ke zuwa jana'iza da wuri. Sikirif ɗin firigo fa, ba ka taɓa mini su ba ko?"

"Na gyara su. Naka dogaye ne kamar wa'azin Malam Na-Birni. Na mai da su rabi."

"Ka gwada?"

"Na gwada a tawa, suna gudu kamar ruwa."

"A taka. Ɗan nan, matar da ta iya girki a kan gas kaɗai, ranar da aka kai ta ƙauye da yunwa za a kwana. Rabi! Ƙarya na yi?" Ni yake kira ta kan katanga.

Na ce daga madafa, "Ni dai Baba Abdu a murhu aka koya mini." Suka yi dariya su duka, aka zuba shayi na biyu, maganar ta koma kan tsadar gawayi. Abin da nake so ku riƙe shi ne, an gaya masa. Ba zan rufe wannan ba don ubanku ne. Amma cikin raha aka gaya masa, shi ma cikin raha ya ji.

Kawunku Sale ƙanena ne, shi kaɗai ne namiji a ɗakin Inna. Dogo ne baƙi, mai wushirya, ya yi aure bai daɗe ba. In ya kawo gyaɗa kasuwa a gidanmu yake sauka, ya zo mini da yakuwa da busasshiyar kuɓewa daga Inna. Shi da babanku wasa suke kamar abokan tashi, ba ya kiransa sai mai danne-danne. Zuwansa na ƙarshe da na gan shi da ƙafarsa, ya ɗaga ki sama, ke babba, yana cewa:

"Mai danne-danne, akwatinka kullum sai ya yi wa majonmu kuka a aljihu, lafiya, lafiya. Ko ni da nake son matata ba na gaishe ta haka."

"Ai shi ya sa take ramewa," in ji babanku.

"Kai dai zo damina in ba ka hauya, mu ga ko hannun nan na lalle zai kai ƙarshen kunya."

Da bazara ta kai tsakiya, abin da Mushe Abdu ya faɗa ya faru. Kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke da tsakar rana kamar yadda ya saba, injin buro ya yi gardama, babbar na'ura ta mutu. Da wuta ta dawo ta tashi, amma faifai na biyu bai tashi tare da ita ba. Babanku ya sa sunan rut, ya sa kalmar sirri daidai, na'ura ta karɓa, ta nemi bash ta rasa, ta mai da shi waje. Ya sake, ta sake mai da shi. Na kai masa abinci buro da kaina don bai dawo ba, na tarar da shi rigarsa ta jiƙe sharkaf, shef, shugaban buron, na tsaye a kansa hannu a ƙugu. Bai ko dube ni ba. Sai da ya aika kabu-kabu ya ɗauko Mushe Abdu, suka tada na'urar da wani kile, ɗan abin ajiyar bayanai da ake soka wa na'ura, suka shiga ta bayan gida, suka mai da wa rut tsohon shel ɗinsa. Da ya dawo gida ya zauna ya ci tuwo kamar wanda ya yi noma, ya ce mini:

"Rabi, yau na sha ruwan kunya. Daga yau rut da es-ash, mutu ka raba."

Na yi hamdala, na ɗauka an gama. Shi ma haka ya ɗauka. Ya gyara ƙofar da ta buge shi a goshi, hankalinsa bai je kan sikirif ɗin da ya riga ya aika ƙauyuka ba, don su ba su yi masa kuka ba. Kullum saƙonsu na zuwa, kullum lafiya. Wa zai je neman ciwo a jikin wanda ke cewa lafiya? Mushe Abdu ma da ya yi tambayar ran Juma'a, bai sake yin ta ba.

Damina ta sauka da ƙarfi a shekarar. Ina da cikinka, kai ƙarami, ina ta amai. Cikin watan marka rana ta ɓuya kwana da kwanaki, batirin firigon ƙauyenmu ya yi sanyi, firigon ya fara ɗumi a hankali. Majo bai buɗe shi ba, don lokacin noma mata ba sa kawo yara allura, kuma an koya masa kada ya riƙa buɗewa ba dalili. Salularsa kuwa kullum tana ce masa lafiya. Ranar da ya buɗe ya sa hannu, ya ji kamar ya sa cikin tukunyar da aka sauke. Alamar da ke jikin kwalaben allura ta yi baƙi. Ya bi ƙa'ida, ya fitar da komai, har da maganin maciji, ya kira buro. Buro suka ce za su aiko da sabo da zarar mota ta iya wucewa, don ruwa ya cinye hanya a wurin kwari. Aka ce babanku ya bi motar ya duba abin da ya faru.

Motar ba ta riga ta tashi ba kububuwa ta sari Sale a gona, yana cire ciyawa da hannu a gindin gero. Suka ɗauko shi zuwa wurin majo, majo ya buɗe musu firigo suka gani wayam. Ya wanke wurin, ya ce a kai shi birni yanzu yanzu, ko a kafaɗa ne. Baba, mahaifina, ya je ya dubi ruwan kwarin ya ga ya kai ƙirji yana gudu, ya dawo ya kira mai maganin gargajiya, ya ce a jira ruwa ya ja. Sale kansa yana dariya, yana cewa ƙafa ce kawai ta kumbura. Sai da jini ya fara fita ta dasashinsa sannan samari suka ɗaura shi a ƙyauren ƙofa suka haye da shi, aka sa shi a amalanke har bakin titi. A babban asibiti na same shi. An yi masa allurar, an ƙara masa jini, likitoci sun yi iyakar yinsu. Ya gane ni, ya kama hannuna, ya ce kansa ne ke sarawa. Bakinsa ja kamar ya ci goro. Bai ƙara magana ba.

Mun bi gawa ƙauye. Har aka yi sadakar uku ba wanda ya ambaci babanku da mugun abu. Kowa cewa yake kwana ne ya ƙare, wasu na zagin majo a ɓoye, wasu na zagin hanya. Da hantsi bayan an watse daga sadaka, babanku ya ɗauki ordinatarsa ya tafi ɗakin shan magani. Daga baya ya gaya mini abin da ya gani, ya maimaita mini shi har na haddace. Ya jona da ƴar na'urar, ya sa sikirif ɗin ya gudu a gabansa. A daidai wurin da ake tambaya ko firigo ya yi zafi, ya rubuta tambayar da salon da bash kaɗai ke ganewa. Na'urar ƙauye ba ta da bash, tsohon kaɗai gare ta. Tsohon ya iso wurin, ya ce bai san wannan ba, ya faɗa a inda ba mai karantawa, ya tsallake ya wuce layi na gaba, ya aika lafiya. Tun lokacin sanyi haka yake yi. A ordinatar babanku kuwa, in ka kira tsohon, sabon ne ke amsawa da sunansa, shi ya sa gwajinsa ya yi kyau.

Ba wanda zai taɓa sanin wannan a ƙauyenmu. Majo bai sani ba, shef ma sai abin da aka gaya masa. Da babanku ya ce batir ne, da kowa ya yarda, kuma ba ƙarya ya yi ba. Ina bayan zana ina miƙa wa mata ruwa na hango shi yana dawowa, tafiyarsa ta canja, kamar mai ɗauke da buhu. Ya cire takalmi ya durƙusa gaban Baba, ga ƴan'uwa zaune a tabarmi.

"Baba, ina da magana."

"Faɗi, Laminu."

"Akwatin da ke jikin firigo, aikinsa ne ya yi ƙara in sanyi ya tafi. Bai yi ba. Ba lalacewa ya yi ba, abin da na rubuta masa ne bai gane ba. Da ya yi ƙara tun ranar farko, da an kwashe maganin an sa a ƙanƙara, da Sale ya samu."

Baba ya daɗe yana jan carbi.

"Wannan lafiya, lafiya da yake aiko wa majo, wa ya sa masa ita a baki?"

"Ni ne."

"Da ka sa masa, ka zo nan ka ga ko ya iya cewa babu lafiya?"

"Ban zo ba."

"An hana ka ne?"

"Ba a hana ni ba. An ma ce in gwada."

Sai na ji ƙarar kwano a bayana. Inna ce, ta fito daga ɗaki ban sani ba, ta ji komai. Ba ta yi kuka ba. Ta ce, da muryar da ban taɓa jin ta da ita ba, "Na yanka maka zabo." Shi ke nan abin da ta faɗa masa, har yau. Baba ya ce, "Tashi ka tafi, Laminu. Rabi za ta zauna wurin uwarta."

Na zauna har aka yi arba'in, ke babba kina tare da ni. Gidan ya zama kamar rami. Matar Sale tana takaba a ɗaki ba ta magana, geron da ya bari ya yi kai ba mai kula da shi sai maƙwabta. Baba ba ya cin abinci sosai, ni na lura ya daina bi ta hanyar kwarin ko da ruwa ya janye, sai ya zagaya. Na san abin da ke cinsa, shi ya ce a jira ruwa ya ja, amma ba mai faɗa, don ya fi sauƙi a ce baƙo ne ya yi. Inna kuwa ta riƙe ni kamar za a sace ni. Tana yi mini kunun kanwa, tana shafa mini ciki, tana cewa in namiji ne ita za ta raine shi. Wata rana muna sussuka ta tsai da taɓarya ta ce:

"Rabi, ki buɗe kunnenki. In kika koma ɗakin mutumin nan, ban yafe miki nonon da kika sha ba."

"Inna, bai yi da gangan ba. Shi ya faɗa da bakinsa."

"Bakinsa zai dawo mini da ɗana? Maciji ma ai ba da gangan yake sara ba, taka shi ake yi."

Ku da kuke ƴaƴan birni ban san ko za ku gane nauyin wannan magana ba.

Bayan arba'in Mushe Abdu ya zo biko a madadin babanku, da goro da farar shadda a jikinsa. Daga bakinsa na ji labari. Babanku ya je ya faɗa wa shef abin da ya faɗa wa Baba, ya ce kada a taɓa majo. Poroje ba su kai shi ƙara ba, sun dai ce kwantararsa ta ƙare. Kafin ya miƙa makulli ya roƙi a bar shi ya gyara. Ya sake rubuta sikirif ɗin duka da maganar tsohon, wadda kowace na'ura ke ji. Ya hau moto, wato babur, ya bi ƙauyukan ɗaya bayan ɗaya har Garagumsa, kowane wuri sai ya zare ƴar igiyar da ke jin sanyi ya dumtse ta a tafin hannunsa, ya tsaya har salular majo ta ce a tashi, sannan ya wuce. A wurare da dama ya tarar da irin ciwon namu, Allah ne kawai ya sa batirinsu bai gaza ba. Mushe Abdu ya ce wa Baba:

"Malam, ni na koyar da yaron nan. Na tambaye shi sau ɗaya na yi shiru, ina shan shayinsa. In za a raba laifi, a ba ni kasona. Amma yarinyar nan da tsohon ciki, ga ƙarama. Mijinta ya rame har ba ka gane shi."

Baba ya sa aka kira ni. Na durƙusa. Bai dube ni ba, ƙasa yake kallo.

"Rabi, kin ji. Ban ce ki tafi ba, ban ce ki zauna ba. Kin san abin da uwarki ta ce."

Ba zan ce muku na yi wani dogon tunani mai kyau ba. Tsoro ne a nan, tsoro ne a can. Abin da ya tsaya mini a ido shi ne durƙuson da ya yi a gaban Baba, alhali ba wanda ya tambaye shi. Na ce a raina, mutumin da ya yi haka in kowa ya bar shi ba zai kai baɗi ba, sai ku tashi ba kawu ba uba. Na shiga ɗaki na ɗaure kayana. Inna tana zaune bakin gado. Na durƙusa na ce, "Inna, ki yafe mini." Ta juya fuskarta bango. Na jira har ƙafata ta mutu, Mushe Abdu ya yi sallama daga waje cewa mai mota zai tashi. Na goya ki na fita.

Na tarar da babanku kamar yadda aka faɗa. Ya buɗe ƴar rumfa a bakin kasuwar Zango yana gyaran salula da ordinata, da ita muke ci har yau. Ba ya sa rubutu mai launi kuma. In wani buro ya kawo masa ɗan aikin sikirif, akwai tsofaffin na'urori da ya tara a ƙarƙashin tebur, sai ya gwada a kan kowace, ya kuma gwada ranar da abu zai lalace kafin ya gwada ranar da zai yi kyau. Masu aikin suna ƙorafin yana da jinkiri, wasu sun daina kawowa. Ba ya musu. Bai taɓa ce mini na gode da kika dawo ba, ni ma ban taɓa ce masa na yafe maka Sale ba. Muna dai zaune, ina zuba masa abinci yana ci. Ko maganin nan zai ceci Sale in da yana nan, Allah kaɗai ya sani, likita ma da na tambaya ya ce sau da yawa yana ceta, bai ce kullum ba.

Da na haife ka, kai ƙarami, na zubar da jini sosai. Aka aika ƙauye. Baba ya aiko da gero da rago, Inna ba ta zo wankan jego ba, maƙwabciya ce ta dafa mini ruwa. Da na yi ƙarfi na ɗauke ka na tafi da kaina, ba tare da na gaya wa kowa ba. Na same ta a tsakar gida tana kaɗi, ta tsufa kamar an ƙara mata shekara goma. Na yi sallama, ba ta amsa ba. Na durƙusa na gaishe ta, ba ta amsa ba. Sai ta tashi ta zagayo bayana, ta kwance goyon da hannunta, ta ɗauke ka. Ta daɗe tana kallon fuskarka, tana shafa goshinka da babban yatsa. Sannan ta ce maka, kai jariri:

"Gaya wa wadda ta kawo ka akwai fura a ɗaki."

Na sha furar ina kuka. Na kwana biyu a gidan, duk abin da za ta ce mini ta bakinka take faɗa. Da zan tafi na sake roƙonta, ta miƙo mini kai ta koma kan kaɗinta. Na ce a raina ba komai, ƙofa ta fara buɗewa, in na dawo da kaka zan sake roƙo, in ta ƙi in sake dawowa.

Ba ta kai kaka ba. Zazzaɓi ne na ƴan kwanaki, kafin saƙo ya iso ni an riga an kai ta. Bayan mutane sun ragu na sami Baba shi kaɗai a zaure, na tambaye shi abin da ya kawo ni.

"Baba, ta ce wani abu a kaina?"

Na ga yana so ya ba ni abin da nake nema, na ga kuma ba zai yi mini ƙarya ba.

"Ta tambaya ko yaron ya fara haƙori."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan, Rabi."

To kun ji. In kun girma kuka je ƙauye aka faɗa muku magana, kada ku yi faɗa da kowa, kada kuma ku ce babanku bai yi komai ba, don shi bai taɓa cewa haka ba. Ku nemi Baba in yana raye ya nuna muku inda Inna take. Ni na je sau da yawa, ban san ko ana karɓa daga bakina ba. Ku da ta ɗauka da hannunta, ku roƙa mini.